Kadi Doguwa da Matar da Ke Kan Allon Talla

Duk wanda ya taɓa ratsa layin teloli na unguwar Bukoki a Yamai ya san Kadi Doguwa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan da sai ta sunkuya kafin ta shiga shagonta. Magini ya yi ƙofar daidai da tsawon sauran mutane, Kadi kuwa ta wuce nan tun tana budurwa. Baƙa ce wuluk, siririya, da wushirya mai faɗi, kuma in ta yi dariya har masu gawayi na ƙarshen layi sai sun ɗago kai.

A Bukoki aka haife ta. Babanta Bazabarme ne, direban babbar mota, ba ya zama gida. Uwarta ta rasu tana ƙarama, sai ƙanwar baban, Gwaggo Haoua, ta ɗauke ta. A gida Zabarmanci suke yi. Hausa kuwa a kasuwa Kadi ta tsince ta, domin Gwaggo Haoua tana da teburin kayan miya a Petit Marché, a can yarinyar ta girma tsakanin buhunan albasa da tattasai.

Gwaggo Haoua mace ce mai jiki, irin wadda in ta tsai da taksi direba ke waiwayar tayarsa ta baya. Tana kuma alfahari da hakan. A ƙuruciyarta, a ƙauyensu na bakin kogi, an yi mata kiwon nan da Zabarmawa ke kira hangandi: aka yi ta ɗura mata fura da nono har ta cika ta batse, ranar da ta fito mata suka yi mata waƙa. A wurinta mace ba ta cika mace ba sai wuyanta ya yi ninki. To ga 'yar da take riƙo kamar karan dawa.

"Me kike so mutane su ce?" Haka take faɗa kullum in ta ajiye wa Kadi ƙwarya. "Su ce Haoua ta hana marainiya abinci? Shanye, ina kallonki."

Kadi ba ta ƙin ci. Tana shan fura, tana cin dambu, tana suɗe kwano. Amma duk abin da ta ci tsawo yake tafiya. A lakkol, makarantar boko, yara suka sa mata suna Poto, wato sandar nan da ake ɗaura wa wayar kuran, wutar lantarki. Tun tana ramawa har ta bari. Ta koyi tafiya da kai a ƙasa da kafaɗu a lanƙwashe, ko ta rage tsawo.

Da ƙawayenta suka fara aure ɗaya bayan ɗaya, abin ya soma cin ta a rai. A tele, matan da ke tallar sinadarin miya duk masu ƙiba ne, suna juya tukunya maza na lashe baki. A gidan biki kuwa tsofaffi kan dube ta su ce, "Allah sarki, yarinyar nan ba ta da lafiya ne?" Wata rana wata mai tallar magani a faranti ta ja ta gefe, ta nuna mata wasu ƙananan ƙwayoyi, ta ce kafin Sallah za ta yi kumatu. Kadi ta saya, ta riƙa sha a ɓoye.

Kumatu kam sun zo. Fuska ta yi suntum da nauyi, ciki ya ɗago, ƙafafu kuwa suna nan yadda suke. Gwaggo Haoua har ta fara murna, tana cewa furarta ta soma aiki. Wadda ta gane ita ce maƙwabciyarsu Priska, wata infirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, 'yar Dogon Dutsi da ke haya a gidan da ke jikin nasu tare da mijinta. Ta tare Kadi a bakin famfo, ta danna mata kumatu da yatsa.

"Me kike sha?"

"Ba komai, Tanti."

"Kadi, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Zuciyarki na bugawa da ƙarfi in kin kwanta, ko ba ta yi? Ɗauko mini su in gani."

Kadi ta ɗauko tana kuka. Priska ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce kada ta yanke su rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne, ta kai ta wurin likita aka riƙa rage mata a hankali har jikinta ya dawo. Da Gwaggo Haoua ta ji gaskiyar magana, ta zauna a ƙasa ta yi kuka fiye da Kadi. Daga ranar ta daina tsayawa a kanta da ƙwarya. Sai dai har yau, in Kadi ta je gaishe ta, ba ta fita sai ta ci wani abu.

Ɗinki kuwa dole ce ta koya mata shi. Duk telan da ta kai wa atamfa sai ya ce yadi bai isa ba, ko ya ɗinko mata rigar da hannunta ya tsaya a gwiwar hannu. Ta gaji, ta shiga koyo wurin wata madam mai ɗinki a unguwar Zongo. Ta fara da jikinta, kuma da yake ta sha wahalar rigar da ba ta zauna ba, sai ta zama mai haƙuri da jikin kowa. Mai ƙiba, gajera, mai ƙaton ƙirji, wadda haihuwa ta canja, duk in suka zo tana aunawa tana ba su labari har su manta da riƙe numfashi.

Sumana mai injin niƙa ne a bayan Petit Marché, inda ake niƙa barkono da yaji. Gajere ne, kakkaura, idanunsa kullum jajaye saboda aikin. Yana da ɗan benci da yake hawa in zai zuba kaya a bakin injin. Wata rana Kadi ta kawo barkonon Gwaggo, layi ya yi tsawo, shi kuma yana can yana fama da bel ɗin injin. Sai kawai ta miƙe ta ɗaga kwandon ta juye a bakin injin, ba benci ba komai. Sumana ya ɗago ya dube ta daga ƙasa har sama.

"Baiwar Allah, ai ke aka yi wa injin nan, ba ni ba."

Ta so ta ɓata rai, sai atishawa ta kama ta, shi ma ta kama shi, suka yi ta yi suna dariya. Bayan sati ya zo gida da leda cike da yaji wai na Gwaggo ne. Gwaggo Haoua ta dube shi da kyau, ta ga jiki, ta ce yaron yana da tarbiyya.

Ranar aurensu abokan ango suka sa musu suna Goma, wai in sun jera ita ce ɗaya shi ne sifili. Sunan ya bi su, su ma suna amsawa. Suka haifi Mariyam, wadda ta kwaso gajarta da kaurin babanta, sai Yusuf. Kadi ta kama shagon nan na Bukoki, ta sa keken ɗinki biyu.

Tana da shekara talatin da wani abu, wata safiya ta je kasuwa cikin wata doguwar riga ta shadda shuɗiya da ta ɗinka wa kanta. Sai ta lura wata budurwa mai gilashi na bin ta daga masu tumatir har masu nama. Kadi ta juyo.

"Ƙanwata, lafiya?"

Budurwar ta ce sunanta Iklima, tana aiki a wani ofis da ke shirya wa kamfanoni talla. Wani kamfanin shadda na neman mace doguwa, siririya, da za a sa hotonta a manyan alluna na bakin titi. Sun yi ta nema, ba su sami irinta ba.

Kadi ta yi dariya har ta riƙe teburin mai nama. Da ta kai labari gida, Gwaggo Haoua ta tafa hannu.

"Wato yanzu ƙashi ake saye a Yamai? Duniya ta zo ƙarshe. Ni da nake nan da jikina ba wanda ya tsai da ni!"

Sumana ya ce in tana so ta je, shi dai sharaɗinsa a rubuta a ƙasa cewa tana da miji. Ta je. Aka shigar da ita wani ɗaki mai sanyi da fitilu masu zafi, aka shafa mata hoda, aka kunna fanka don rigar ta riƙa kaɗawa. Mai ɗaukar hoton ya yi ta cewa ta ɗaga kai, ta miƙe kafaɗa, ta ƙara miƙewa. Ta ce tunda take ba a taɓa ce mata ta ƙara tsawo ba sai ranar. Ya ce ta rufe baki ta yi fuskar manya, ta kasa, duk hotunan da dariya suka fito. Da abin da aka ba ta ta sayi keken zubi, na yi wa riguna ado.

Da aka ɗaga allon a wani babban shataletale kan hanyar gadar kogi, Iklima ta bugo waya. Ranar Lahadi da la'asar, bayan su Priska sun huta daga coci, aka cika taksi biyu: Kadi da Sumana da yara, Gwaggo Haoua ita kaɗai a gaba, sai Priska da mijinta Mushe Gideyon, wanda ke koyar da ilimin halittu a kolej, shi ya sa ake ce masa Mushe, wato malam. Suka sauka a gefen gudro, wato kwalta, suka ɗaga kai.

Ga rigar nan shuɗiya, ba shakka ɗinkin Kadi ne. Amma matar da ke ciki fara ce kamar cikin gwanda. Hancinta siriri, ƙugunta bai fi a kama da hannu biyu ba, haƙoranta jere reras ba ko alamar wushirya.

Gwaggo Haoua ta kare rana da hannu ta duba sama, ta duba ƙasa.

"To ina Kadin?"

"Ita ce nan, Gwaggo," in ji Priska.

"Wannan? Wannan ai Balarabiya ce ta ari rigar 'yata."

Sumana ya daɗe yana kallo, hannu a baya. Can ya ce, "Kyakkyawa ce kam, Allah ya ba ta miji nagari. Maman Mariyam, mu je gida, kada mutane su ga ina kallon matar wani."

Kowa ya yi dariya, har da Kadi. Amma daga baya ta gaya wa Priska cewa abin da ya tsaya mata shi ne, ashe ko da aka ce ana son ta, sai da aka goge ta tukuna.

A tsakar gida aka baza tabarma, Gwaggo ta kwaɗa kopto, dafaffen ganyen zogale, da ƙuli, Sumana ya ɗora shayi. Kadi ta dubi Mushe Gideyon.

"Mushe, kai da ka yi karatun jikin mutum, gaya mini. Da an ce sai mai ƙiba, yanzu an ce sai fara siririya. Wai me ido yake so ne tun asali?"

Mushe Gideyon ya ajiye kofi, ya gyara zama kamar yana aji. Ya ce akwai abin da ke cikin halitta kam. A tsuntsaye da yawa namiji ne ke ado, mace ta zaɓi mai ƙyallin gashi domin alamar lafiya ce. A mutane ma masu bincike sun ce ido na son alamun lafiya: fata mai sheƙi, ido garau, fuskar da gefenta biyu suka yi daidai. Wasu ma sun ce hanci na da hannu a ciki, mutum kan ji ƙamshin jikin wani ya kwanta masa a rai bai san dalili ba, ko da yake ba a gama tabbatar da wannan ba.

"Amma ƙiba da rama, fari da baƙi, wannan yana canjawa daga gari zuwa gari, daga zamani zuwa zamani," in ji shi. "Inda abinci ke wuya, ƙiba ta zama ado. Kuma ido yana sabo. Abin da aka nuna masa safe da yamma, shi zai ɗauka kyau ne. Masu talla sun san haka, da shi suke cin abinci."

Sumana ya ce, "Mushe, zancen hanci dai cire ni. Hancina barkono ya kashe shi tun ina saurayi. Ko turare aka zuba mini ba na ji."

"To me ka gani?" Priska ta tambaya.

Sumana ya juya shayi daga kofi zuwa kofi. Ya ce ya daɗe yana ganin ta a kasuwa, kullum a sunkuye kamar mai neman gafara. Ranar da ta miƙe don ta juye barkono, ranar ya ga iyakar tsawonta. "Na ce a raina, duk wannan abu ake ɓoyewa? Shi ke nan, na kasa barci."

Kadi ta rufe fuska da gyale. Mushe Gideyon ya ce zai so ya kai Sumana aji ya maimaita wa ɗalibai. Priska ta ce ita ma ya kamata a bincika ta, domin ta auri mutum da sanƙo tun yana saurayi, kuma har yau ba ta gane dalili ba.

Allon ya jawo wa shagon mutane. Wasu don ɗinki suke zuwa, wasu don su ga matar. Wata rana 'yan mata biyu 'yan lise, babbar sakandare, suka shigo, suka tambayi Kadi ina madam ɗin da ke kan allo. Ta ce ga ta. Suka dubi juna. Ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce, to wane mai ta shafa lokacin, kuma me ya sa ta bari? Kadi ta miƙa musu hannunta ta ce su murza, in sun ga fari a ƙasa su ɗauka kyauta. Suka tafi suna dariya, amma ba ta tabbata sun yarda ba.

Abin da ya fi tayar mata da hankali a gida yake. Mariyam, wadda ta shiga shekarun budurci, ta fara barin abinci. Da safe ruwan zafi da lemun tsami, da rana ta ce ta ci a lakkol. Kadi ta same ta a ɗaki tana matse cikinta da ɗankwali gaban madubi.

"Mama, a aji cewa suke wai ba ke kika haife ni ba. Wai dubi uwarki, dubi ke."

Kadi ta zauna a bakin gado. Ta ba ta labarin ƙwayoyin nan tun daga farko, abin da ba ta taɓa gaya mata ba. Mariyam ta saurara, amma ta ce ai wannan da ne. Sai Kadi ta ce ta sa takalmi su fita.

Ofishin su Iklima suka je. Kadi ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, so take a nuna wa 'yarta yadda aka yi matar nan. Iklima ta ji kunya, ta ce mai kamfanin ne ya ce a yi haka, wai abin da masu saye ke so ke nan. Ta kunna ordinate, wato kwamfuta, ta buɗe hoton na asali. Ga Kadi nan baƙa, tana dariya da wushiryarta. Iklima ta ja wani abu, fata ta washe. Ta taɓa nan, ƙugu ya shige. Ta taɓa can, haƙora suka haɗe. Mariyam ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin.

"Anti, ni ma za ki iya yi mini?"

Iklima ta ɗauke ta da waya, ta ja ta ta yi tsawo, ta tsotse mata kumatu, ta ƙara mata ido. Mariyam ta dubi abin da ya fito ta fashe da dariya, ta ce wannan ai ta yi kama da akuyar da ta kwana biyu ba ta ci ba. A hanyar komawa ta ce yunwa take ji, suka tsaya wurin mai tsire. Ba a rana ɗaya ta daina duba madubi ba, amma ta koma cin abinci tare da kowa.

Da Sallar layya ta matso kamfanin ya sake neman Kadi. Ta ce ta yarda, in za a sa ta yadda take. Mai kamfanin ya ce zai yi tunani, daga nan ba ta sake jin sa ba, sai ganin wata yarinya ta yi a allon. Ba ta damu sosai ba, aikin Sallah ya yi mata yawa. Iklima kuwa ta zo da kanta da hoton asali, an buga shi babba, ta ce kyauta ce. Ta kawo shadda kuma a ɗinka mata.

Kadi ta kafa hoton a gaban shago. Ba a jima ba wata mai sayar da kifi da ta karɓi ɗinkinta ta ce ita ma a ɗauke ta a sa, ai rigar ta yi mata kyau. Daga nan abin ya zama al'ada: wadda ta so, in ta gwada riga, Mariyam ta ɗauke ta da waya, a wanke a liƙa a bango. Gwaggo Haoua ta ce ba za a yi babu ita ba, kuma nata ya fi na kowa girma. Ta sa leshi ruwan goro da sarƙarta ta aure, ta zauna ta cika kujera, ta ɗaga haɓa yadda ninkin wuyanta zai fito sosai.

Hoton bai yi wata a bango ba wani dattijo mai sayar da goro a Zongo, Malam Mumuni, wanda matarsa ta rasu da daɗewa, ya zo karɓar ɗinkin jikarsa. Ya tsaya gaban hoton har Kadi ta ce ko wani abu ya ɓace masa. Ya yi gyaran murya ya ce, wannan baiwar Allah, tana da miji kuwa?

Washegari ƙullin goro ya iso gidan Gwaggo Haoua. Ta yi ta faɗa, wai tsoho ba ya jin kunya, ita da jikoki. Ta ce a mayar masa. Kafin a sami mai mayarwa ta ɓare ɗaya ta ce bari ta ji ko na kirki ne. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Mumuni na zuwa gaisuwa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ita kuma ta zauna daga ciki tana amsawa da ƙyar. Ta ce wa Kadi ba ta yanke shawara ba tukuna, amma dai a ajiye mata shadda fara mai kyau, kuma kada a yi mata rowar yadi.